Haƙƙinmu Ne, Ba Alfarma Ba

Zuwa ga Shugaban makarantar karatun manya ta unguwarmu, a nan Daura.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Hauwa'u mai ƙuli-ƙuli, ɗalibar aji uku. Shekara uku da suka wuce dangwale nake yi a takarda, yau ga shi da hannuna nake rubuto maka. Na bayyana wasiƙar a fili ne saboda abin da nake kuka a kansa ma a fili aka manna shi, a jikin allon sanarwa.

Na ɗaya. Bayan Sallar layya ka naɗa mana Hajiya Binta shugabar ɗalibai mata, ba tare da an tambaye mu ba. A zamanta na farko da malamai ta amince a mayar da karatunmu safiya. Ita tana da mai yi mata aiki a gida. Ni kuwa da safe nake matse mai in soya ƙuli, matan da ke zuwa daga hanyar Zango suna gona. Karatun safe a wurinmu sallama ce. Wallahi ranar har kuka na yi a gaban kasko, domin na ga boko zai sake kuɓuce mini a karo na biyu.

Na biyu. A daidai lokacin Malama Rakiya tana koya mana tarihin 'yancin ɗan Adam da dimokuraɗiyya. A bakinta na fara jin cewa lokacin da ƙasar nan ta samu 'yancin kai, matan Arewa ba sa jefa ƙuri'a, sai daga baya aka yarda. Sai na tuna Innata, Allah Ya jiƙanta. Ta taɓa ba ni labarin ranar da ta fara zaɓe, tana da 'ya'ya huɗu, ta ƙi wanke tawadar da ke yatsanta har ta goge da kanta. A garin nan fa, da tarihi ya ce mata sun taɓa mulkarsa! Malama ta bambance mana kalmomi biyu: alfarma mai bayarwa yana iya janyewa gobe, haƙƙi kuwa naka ne ko ran wani bai so ba.

Na uku. Da muka zo ofishinka muka nemi zaɓe, ka ce to, amma babu akwati babu takarda, ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ta tsaya bayan wadda take so. Ranka ya daɗe, mun gane lissafin. Ka ɗauka kunya ba za ta bar mu mu juya wa zaɓinka baya a kan idonka ba. Amma na tashi na tsaya bayan Talatu, wadda ke hawo babur daga ƙauyensu kullum, ko da ruwa ko da rana. Kafin in waiga, layi ya bi ta gindin darbejiya ya fita har bakin ƙofa. Wata tsohuwa a bayana ta ce ai wannan ƙatuwa-bayan-ƙatuwa ne, aka kwashe da dariya, har maigadi. Hajiya Binta ta duba bayanta, ta ga maƙwabtanta biyu kacal, ta yi murmushi ta zo ta kama hannun Talatu. Na yaba mata. Mako bai zagayo ba karatu ya koma bayan la'asar, babu mace ɗaya da ta bari.

Na huɗu, kuma shi ne kukana. Sanarwar da aka manna ta ce hukumar makaranta ta yi wa mata alfarma sun zaɓi shugabarsu. Da a da ne, sai in wuce takardar in ɗauka ado ce. Ku kuka koya mini karatu, ga shi na karanta. Idan alfarma ce, baɗi kana iya fasawa, a sake mayar da mu safiya.

Don haka ina roƙon abu biyu. A cire waccan takarda a rubuta haƙƙi a inda aka sa alfarma. Sannan a sa zaɓen nan cikin dokar makaranta, kowace shekara, da akwati, don mai tsoro ma ta faɗi ra'ayinta.

Idan akawu ba shi da lokaci, na riga na rubuta sabuwar sanarwar a gida, Malama ta duba ta ce ko lanƙwasar ƙ ɗin ban manta ba. Tana cikin jakata. Sa hannunka kawai take jira.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora, Ya raba ka da ɗaukar haƙƙin kowa.

Wassalam.

Hauwa'u mai ƙuli-ƙuli,
Aji uku.