Soson Ƙarfen Inna

Litinin, 3 ga Maris

Farfesa ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In rufin da nake son ya hau roba bai kama ba, zai ba wani bencina na ɗakin gwaji. Shekara biyu ke nan ina jiƙa guntayen roba a ruwan da muke haɗawa mai kama da ruwan jini, ina jiran kalsiyam fosfet, sinadarin da ke cikin ƙashi, ya taru a kansu. In ya kama, ƙashin majiyyaci zai ɗauki robar kamar 'yar'uwa ya manne mata. In bai kama ba, leda kawai aka cusa wa mutum. "Dakta, haƙuri za ki yi," in ji Farfesa. Mutumin da rabonsa da taɓa kwalba tun ina sakandare.

Laraba, 5 ga Maris

Na gano mai laifi. Cikin kofunan robar da nake jiƙon ya yi fari fat, guntayen kuwa tsirara. Sinadarin ya bar inda na aike shi ya tare a jikin kofi. Ashe Inna mai wanke mana kaya ce ta dirje su da soson ƙarfe. Takarda uku na manna a saman famfo tun tuni, kowacce na cewa banda soson ƙarfe. Na yi mata tas a gaban kowa. Ta ce, "'Yar nan, ni ban iya wankin shafa-shafa ba." Saura ƙiris in haɗiyi zuciya.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban gaishe ta ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na yanki gefen kofi ɗaya na sa a madubin ƙara girma don in kai wa Farfesa shaida a ɗauke Inna daga ɗakinmu. Sai ga fararen ƙwayoyi sun jeru cikin kowane karce, layi-layi. Inda yake sumul, babu ko ɗaya. Ni kuwa da na cinye takardun bincike sun fi ɗari uku, goge guntayena nake yi sumul saboda sun fi kyau a hoto. Na ɗauke wa Inna soson. Ba aro ba, sata. Na karce guntaye shida, na bar shida sumul, na sa su a akwatin ɗumi.

Talata, 11 ga Maris

Na leƙa sau tara. An hana buɗe akwatin. Ni na kafa dokar.

Juma'a, 14 ga Maris

Ya kama! Na manna salatif na fizge, masu karcen ko gezau, sauran kuwa ɗan abin da ya hau su ya biyo salatif kamar gari. Na maimaita har sau huɗu don daɗi kawai. Farfesa ya gyara tabarau ya ce, "Dama na yi wannan tunanin." Allah ya ba ni ladar shirun da na yi. Saura gwaji da ƙwayoyin ƙashi, amma benci nawa ne.

Litinin, 17 ga Maris

Na mayar wa Inna sosonta. Ta juya shi ta ce, "Da kin tambaya, ai da na ba ki mai kaifin."

A rahoto dole a faɗi inda dabara ta samo asali. Ƙa'ida ce kawai, ba wani abu ba. Na zo rubutawa sai na ga ban san sunanta ba. Shekara tara muna ɗaki ɗaya. Na je bakin famfo na tambaye ta, ta ce in bari ta goge hannu tukuna.

Na tsaya na jira.