Motar da Ba Ta Taɓa Mutuwa a Hannun Bakanike Ba

Zuwa ga Toktosun-baike, wato babban yayanmu mai amsa tambayoyin mota,

Don Allah ka taimake ni kafin ranar Lahadi. Ranar ce yayana Mirlan zai zo daga Bishkek ya karɓe makullin motarmu, ni kuwa na ƙudurta a raina ba zan ba shi ba.

Ina zaune a At-Bashy tare da mahaifina. Sau uku a mako nake kai shi Naryn wankin ƙoda, a tsohuwar motarsa da ta kusa kai shekaruna. Tun farkon kaka ta ɗauko wani mugun hali. Muna cikin tafiya sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya: rediyo ya yi shiru, fitilun mita su mutu, sitiyari ya yi nauyi. Kafin in ƙirga uku komai ya dawo kamar ba a yi ba. Wani lokacin kuma sai na gangara gefe na sake tayar da ita. A kwalta mai kyau ba ta yi, sai inda hanya ta farfashe, musamman gangaren Kyzyl-Bel.

Bakanike uku na kai wa. Na farko ya canza batir. Na biyu ya canza altaneta. Na uku ya riƙe ta kwana biyu, ya hau wannan gangaren ya sauko har sau biyu, ya ce lafiyarta ƙalau, sannan yana murmushi ya tambaye ni yaushe na koyi tuƙi. Shekara goma sha biyu ina tuƙi, baike! Ni da na fara da tarakta a gonar dankali. Kuma duk zuwa sai na karya farce wajen zare makullin motar daga zoben, don ba zan bar wa baƙo makullan gida da na rumbu da na garken tumaki ba.

Goggona Kalyipa ta ce bakin mutane ne, wai mace ce a kan sitiyari ana kallo. Da abin ya fara ta ɗaura mini layar fata a jikin makullan. Da ya sake, ta ƙara haƙorin kyarkeci mai bakin azurfa. Baba ma ya fito da wani ƙashin ƙafar rago da aka ɗura wa darma, wanda ya cinye yaran ƙauyensu da shi a wasa yana yaro, ya huda shi da kansa, ya rataya mini a zoben. Ban yi musu gardama ba. In muna tafiya suna bugun gwiwata, sai in ji kamar dukansu suna tare da ni. Amma gaskiya ciwon motar ƙaruwa yake yi.

Ranar Laraba ta mutu mini a kan kwana, ga motar gawayi a bayana. Allah ne ya kiyaye. Labari kuwa ya kai wa Mirlan. Ya ce zai sayar da motar ya ɗauke Baba zuwa gidansa, hawa na tara, kusa da asibiti. Baba ya faɗa mini a ɓoye cewa daga hawa na tara ba zai ga goɗiyarsa ba, ba zai ga kabarin mahaifiyarmu ba, kuma bai jin zai kai bazara a can. Na yi kuka, na share hawayena. Na san laifin ba na hannuna ba ne. Ka gaya mini inda zan duba, ko da kwance zan yi a ƙarƙashinta cikin ƙanƙara.

Direbar Baba, At-Bashy

Ƙanwata Direbar Baba,

Ba sai kin kwanta a ƙanƙara ba. Kin riga kin rubuto mini amsar da hannunki, ba ki lura ba ne.

Bari in fara da yayanki, don yana da gaskiya a wuri ɗaya. Motar da ke mutuwa a gangare tana rasa ƙarfin birki da na sitiyari. Kada ki sake ɗaukar Baba a cikinta sai an gyara. Ki nemi maƙwabci ya kai ku kafin nan, wannan ba gazawa ba ce. Mirlan tsoro ne ya kama shi, shi ya sa yake magana da ƙarfi.

Inda ya kuskure, shi da bakaniken nan mai murmushi, shi ne ɗora laifin a kan tuƙinki. Ki duba: bakanike da makulli ɗaya tilo yake tuƙa motar, ke kuwa da makullan gida da na rumbu da na garke, da laya, da haƙori, da dunƙulen darma. Duk wannan nauyin yana lilo a jikin tsohon gidan makulli, inda ake soka shi a tayar da mota. Mota ta faɗa rami, nauyin ya fizgi makullin, wuta ta yanke. Shi ya sa duk abin da aka ƙara miki, ciwon ke ƙaruwa.

Ban ga motar ba, don haka ki gwada. A ƙofar gida, ki ja birkin hannu, ki tayar da inji, ki kunna rediyo, sannan ki girgiza tarin makullan ki ɗan ja su ƙasa. In fitilun mita suka ƙifta, kin kama ɓarawon. A canza gidan makullin gaba ɗaya, domin wanda ya riga ya cinye ba zai warke don an rage masa kaya ba. In ba su ƙifta ba, ki kashe injin ki murɗa kawunan batir da hannu, bai kamata su motsa ba. Ki bi kakkaurar wayar nan da ta haɗa batir da jikin mota, ki ga ko ta yi tsatsa ko ta saki.

Tsohon gidan makullin kuma ki ajiye shi. Ranar Lahadi ki zuba wa Mirlan shayi, ki ɗora masa shi a tafin hannu tare da tarin makullan, ya ji nauyin da kansa, sannan ki ba shi sitiyari ku hau Kyzyl-Bel tare. Kada ki yi masa gori. Zancen inda Baba zai zauna kuwa, ku bar Baba ya faɗa da bakinsa, tunda da ransa da hankalinsa.

Goggo Kalyipa ma kada ki ɓata mata rai. Layarta da haƙorin su koma aljihun gaban mota, suna nan tare da ke. Ƙashin darmar nan kuma ki mayar wa mai shi, ya riƙe a hannunsa duk ranar da za ku Naryn. Shi ya san yadda ake cin wasa da shi.

Allah ya ba Baba lafiya, ya nuna masa bazara a ƙofar gidansa, ke kuma ya riƙa kai ki ya dawo da ke lafiya.

Toktosun