Ruwan Abarba a Yatsa

Litinin, 1 ga Satumba

Siket ɗina na bara ya shige ni, har da sarari! Mai Awo, maƙwabciyata a kasuwa, ta ce in gaya mata sirrin. Na ce babu wani sirri, Allah ne ya so ni da kyau. Abarba ta ƙare tas kafin la'asar.

Laraba, 3 ga Satumba

Ƙishi kamar na haɗiyi gishiri. Gora huɗu na shanye, banɗakin kasuwa kuwa sau bakwai. Har mai gadin wurin yana tambaya ko ya kawo mini kujera. Marar kunya.

Yaya ta zo rumfa ta ƙare mini kallo. Wai rama ba dalili, ƙishi, yawan fitsari, haka Baba ya fara. Na ce don Allah ta bar yi mini baki. Wata biyar ke nan da yanke wa Baba ƙafa saboda ciwon suga, sau biyu kacal na leƙa shi. Ba na iya kallon wurin. Wannan ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yaya ta aro na'urar gwajin Baba. Ina tsakiyar fere abarba ta cafke yatsana, ta sa sabuwar allura, ƙyas! Ta ɗiga jinin a 'yar takardar da ake sa wa na'urar. 340.

Inna lillahi. Na zauna a kan kwando ina kallon ƙafafuna.

Muka garzaya kemis, ina kuka ina barin wasiyya, wuƙata a ba Mai Awo. Mai kemis ya dubi lambar, ya dubi hannuna yana danƙo. "Baiwar Allah, kin wanke hannu kuwa?"

Ashe har da ruwan abarba na'urar ta auna! Na wanke da sabulu, ya bushe, mai kemis ya sake gwadawa. 186. Yaya ta yi dariya har ta jingina da kantar kemis ɗin. Na ce wasiyyar na janye.

Amma ya ce wannan ɗin ma ya yi sama. In je asibiti da safe, kada in ci komai na awa takwas.

Talata, 9 ga Satumba

Gwaji biyu kafin karin kumallo: 134 da 131. Likita ta ce daga 126 zuwa sama suga ne, amma mun riga shi, bai yi ɓarna ba. Ta bi tafin ƙafata da wani siririn zare tana tambaya ko ina ji. Ji kai! Cakulkuli ya sa na kusa harbin ta. Wallahi ban taɓa murna da cakulkuli haka ba.

Ta tambayi abarba nawa nake sha a rana. Na ce ɗanɗano kawai. Yaya ta ce, "Ɗanɗanon rabin tire."

Magani, tafiya, rage zaƙi. To.

Lahadi, 21 ga Satumba

A ƙafa nake zuwa kasuwa yanzu. Ƙishi ya lafa. Mai gadi ya ce ya ɗauka na yi ƙaura.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na'urar tana gidan Baba, shi ya sa nake biyawa da safe. Yau kwana na shida.

"Auta, nawa?"

"112."

"Ni 109. Na ci ki!" Yana dariya har da tafi, wai tsoho ya kayar da yarinya. Jiya da na ci shi cewa ya yi na'urar ta gaji.

Yaya, mai wanke wa Baba ƙafa, ta makara, ga ruwan ɗumi yana hucewa a roba. Na durƙusa na wanke masa ƙafar, na goge tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda likita ta koya mini. Sai na ɗaga zanen, na wanke wurin da aka yanke ɗin ma.

Ya ɗora hannunsa a kaina har na gama.

Gobe ma zan je. Saboda na'urar.