Tiyon da Ka Rantse Ka Canja

Auta,

Na fita. Ban tashe ka ba don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Jiya zan kai Mama ganin likita, motar nan mai amfani da gas ta mutu a kan gada. Ina buɗe bonet na ga tukunyar dumama gas ta yi fari fat da ƙanƙara. Ruwan zafin injin ba ya isa wurinta, don ka cusa tiyon ta bayan batir ya lanƙwashe. Kuma tsohon nan ne da ka rantse mini ka jefar.

Sabon da na kawo maka kuwa, na gan shi da yamma a motar abokinka mai wanki, bonet a buɗe. Ko jan zaren da na ɗaura masa ba ka kwance ba.

Mama ta sha rana a bakin titi kafin in samo fetur in tayar da motar da shi maimakon gas, tana ta cewa ba laifinka ba ne. Ban gaya mata ba.

Je ka kwanto mini tiyona yau, ka ajiye a kujerar gaba. Kada ka ɗaura. Wani makaniken zan kai wa.

Yayanka