Ciwon da Ya Ɗauke Ka, Yaya Bukar

Zuwa ga yayana, marigayi Bukar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙaninka Sale ne ke rubuto maka daga gidanmu na Haɗejia. Na san ba masinjan da zai kai maka wannan takarda, amma wata biyu ke nan ina tsare a ɗaki, ba ni da abokin hira sai kai.

Yaya, ciwon da ya kashe ka cikin kwalekwale a fadamar Baturiya, ni ma ya same ni.

Da hantsi ne, ina duba shinkafar wani manomi, Malam Garba, a fadamar Auyo. Har yanzu ina nan a aikin malamin gona da ka bar ni a kai. Sai na ji kamar an kifa mini turmi a ƙirji, hannuna na hagu ya mutu, gumi ya karyo mini. Kogi ya cika ya cinye hanyar mota, ba ta gaba ba ta baya. Garba ya kwantar da ni a kwalekwalensa yana tuƙi yana cewa, “Malam, kada ka rufe ido, yi ta salati.” Ina jin ruwa na bugun katako a ƙarƙashin kaina, na ce ashe abin da ka ji ke nan, kai kuma ba kowa a kusa.

A asibitin garinmu suka yi mini allura, washegari motarsu ta kai ni Kano.

Can aka manna mini wayoyi a ƙirji, wata na'ura tana zana bugun zuciyata a doguwar takarda. Likitan Ba'indiye ne, Hausarsa a karye. Ya duba takardar ya ce, “Jijiya ta toshe. Ka tashi, ka mutu.” Sati uku ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Salla a kwance. Ni da nake yini cikin fadama, sai an kawo mini tasa zan yi fitsari. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma bango take kallo.

Na yi fushi, na ture abincinsu marar gishiri. Sista Ladi, wata nas mutuniyar Jos, ta ɗauko kwanon ta zauna bakin gadona. “Baba, zage ni in kana so, amma sai ka cinye.” Ranar da numfashina ya ɗauke ban san komai ba. Mai gadon kusa da ni ne ya gaya mini ita ta yi ta danna ƙirjina, hularta a ƙasa, har likita ya iso. Ba su san gidanmu ba, Yaya, ba ma addininmu ɗaya ba. Da aka sallame ni na buɗe baki zan yi godiya, sai kuka.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai wannan likita. Kwana uku kana dafe ƙirji kafin ka tafi kamun kifi. Ka ce, “Tuwon jiya ne ya tsaya mini.” Na yi dariya, na jiƙa maka kanwa. Ni ne ɗan boko a gidan, asibiti kuma da ƙafa ake zuwa daga ƙofarmu. Likitan ya ce wataƙila ko da an kai ka, a wancan lokacin ba abin da za su iya. Wataƙila. Kullum ina juya wannan kalma.

Yanzu an hana ni keke, an hana ni man shanu, an hana ni fadama. Matata Hajara a bakin ƙofa take yini, don kada in sulale. Ana yankan shinkafa, ni sai dai in ji labari.

Shekaranjiya ɗanka Modu, wanda yanzu shi ma magidanci ne, ya sauke buhu a tsakar gida ya dafe ƙirji. Ban tsaya jin bayaninsa ba. Na yi ta faɗa har Hajara ta tsorata, sai da ya tafi asibiti. Ya dawo yana dariya, wai ciwon jiki ne kawai na ɗaukar kaya. Ya yi ta dariyarsa, ban damu ba.

Ka yafe mini, Yayana.

Allah ya haskaka kabarinka, ya saka wa waɗanda suka yi jinyata da alheri, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙaninka mai kewarka,
Sale