Hannun Riga Daban, Jiki Daban

Litinin, 3 ga Maris
Tsohon mai yankanmu ya ajiye almakashi, ido ya ƙi. Auta, ƙanina mai digirin kasuwanci, wai mu koya wa telolinmu yanka. Su wa? Waɗannan da ko maɓalli sai sun ɗinka shi a karkace? Na ce, "Auta, yadi kullum da sabon farashi, ba ni da na ɓarna." Waje zan kai yanka.

Alhamis, 6 ga Maris
Na je wurin mai injin yanka. Tumbi a gaba, turare kamar da bokiti aka zuba masa, ina magana yana latsa waya. Amma injinsa na datse yadi hawa-hawa lokaci guda. Na ba shi yadin rigunan ma'aikatan wani otal ya yanka. Aikin otal ɗin nan shi ke riƙe da shagonmu, in ya kuɓuce sai rufewa.

Laraba, 12 ga Maris
Yankakku sun iso, ana ta ɗinki. Auta ya daina zancen koya wa teloli yanka. Digiri dai.

Laraba, 19 ga Maris
Kunya! Manajan otal ya fitar da riga ɗaya cikin hasken rana: jiki shuɗi mai haske, hannu shuɗi mai duhu. A fitilar shago ba a gani. Ashe mai tumbi bandir biyu ya gwamutsa, jiki daga wannan, hannu daga wancan. Na kira shi, wai, "Hajiya, yanka kika ce, ba ki ce in duba launi ba." Da a gabana yake, da Allah kaɗai zai ƙwace shi.

Manaja ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu kawo sababbi. Daga nan babu.

Juma'a, 21 ga Maris
Na zaga wurin wasu masu yanka biyu. Ɗaya ya ce bayan wata. Ɗayan, kan teburin yadi yake cin abinci.

Asabar, 22 ga Maris
Rediyo, telar nan da bakinta ba ya hutawa, wai, "Anti, ni fa na lura tun ranar farko, na ɗauka sabon yayi ne." Sabon yayi! Don haushi na miƙa mata almakashi da ragowar yadi, na ce ta nuna mini iyawarta. Abin da ta yanko ko matashin kai ba zai yi ba.

Talata, 25 ga Maris
Ba koyarwa nake ba. Gyara mata riƙon almakashi kawai na yi, don ganinsa na ɓata mini rai. Jiya ma haka. Na yau ya fito daidai, ta kuma kai bandir bakin taga ta duba ba tare da na ce ba. Sa'a ce.

Auta ya shigo ya same mu, ya buɗe baki. Na ce, "Ka furta kalma ɗaya ka gani." Ya fita yana tari.

Yadin otal na ƙarshe na kan tebur, babu wani bayansa. Gobe Rediyo za ta sa masa almakashi. Na kasa cin abincin rana.