Kaset a rakodar Umma

Asabar, da dare

Yau dai kaset ɗin ya shigo hannuna. Tun bara ake zancensa a guruf ɗinmu na masoya mawaƙin nan na rock, wasan da ya yi a wani ɗan ƙaramin zaure tun bai yi suna ba, daga shi sai jitarsa. Wasu ma cewa suke ba a taɓa ɗauka ba. Da wata tsohuwar Baturiya muka haɗu a titin Canal Street, na ba ta faifaina biyu, ta miƙo min shi.

Sai a jirgin ƙasa na tuna ba ni da abin kunna shi. Duk gidanmu rakodar Umma ce kaɗai ke cin kaset, wadda ta taho da ita daga Kano don jin wa'azi, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa. Ga shi tun ina yaro take kiran waƙoƙin nan ihun banza.

Na durƙusa na roƙe ta. Ta harare ni, ta ce, "Da girmanka, Sagiru? Sa, amma a gabana."

Na sa kaset ɗin, na danna. Aka ji tari da ƙarar kujera, sannan muryarsa ta fito a hankali, kamar mai tsoron tashin wani daga barci. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Umma ta dakata da gyaran alayyahu. "Wannan rasuwa aka yi masa?"

Na ce ban sani ba.

Da gefen farko ya ƙare, na miƙa hannu zan cire. Sai ta ce, "Juya mana. Ai bai gama faɗin abin da ke damunsa ba."